Masunta da saran maciji: haɗarin yana bakin gaɓa, ba a tsakiyar ruwa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masunta da Sarakunan Ruwa da hukumomin lafiya na Jihar Katsina kan saran maciji a wuraren su, wato kamun kifi. Duk shekara in ruwa ya sauka akan yi wa manoma gargaɗi, amma ba a cika tunawa da mutumin da ke fita kafin assalatu, ƙafa ba takalmi, ya ratsa ciyawar bakin madatsar Sabke ko Daberam a nan ƙasar Daura, ko Zobe ta Dutsin-Ma, ko Jibiya, Ajiwa, Mairuwa da Gwaigwaye ba. Mu mutanen Daura dai ba sai an gaya mana ruwa da maciji sun daɗe da sanin juna ba, tarihin rijiyar Kusugu ya ishe mu.

Akwai kuskuren da ya kamata a fara gyarawa. Mutane da yawa suna zaton akwai wani mugun macijin ruwa da ke kwance a ƙarƙashi yana jiran ƙafar masunci. Irin waɗanda ake gani a bidiyon waya na Amurka ne, ko na kogin Kwango, ko na teku. A ruwayenmu, siraran macizan da ke zama cikin bado da kainuwa suna farautar kwaɗi da ƙananan kifi yawancinsu ba su da dafin da zai kashe mutum. Masu kisan na tudu ne: kasa, kububuwa da kumurci. Dukkansu sun iya iyo in ta kama, amma inda suke haɗuwa da masunci shi ne hanyar zuwa ruwa, da tarin kayan aiki, da cikin gura, da wurin banda, da wurin kwana.

Kasa gajeriya ce mai kauri, da wuya ta wuce mita ɗaya, kanta faffaɗa, launinta ya saje da busasshiyar ciyawa da laka. Sauran macizai in sun ji girgizar takun mutum sai su sulale. Ita ba ta gudu. Lamo take yi, ta dogara da cewa ba a gan ta ba, har ake mata kirari da sarkin barci. To ba barci take ba, kwanto take, kuma ta fi son gefen 'yar hanyar da ƙafa ta tattake domin nan ɓeraye ke bi. In ta yi huci kamar ana sace iskar taya, gargaɗin ƙarshe ke nan, kuma duk nauyin jikinta saranta ya fi ƙiftawar ido sauri. Dafinta kumbura gaɓa yake yi har zuwa cinya ko kafaɗa, fata ta yi bororo, nama ya ruɓe.

Kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, ƙarama ce, santimita 40 zuwa 60, kamu ɗaya da 'yan kai. Ba ta son laka, ta fi son busasshen wuri mai tsakuwa, don haka masunci yakan gamu da ita a duwatsun da aka jera a jikin bangon madatsa, ko a gonakin da yake ratsawa da magariba in zai koma gida. In ta fusata takan naɗe jiki tana goga shi da juna, sai ka ji wani sauti kamar an yayyafa ruwa a kasko mai zafi. Dafinta hana jini daskarewa yake yi, kuma a faɗin arewacin Najeriya babu macijin da ya kai ta kisa.

Kumurci shi ne ya fi kusa da sana'ar su, domin kwaɗi da ɓeraye ne abincinsa, su kuwa bakin ruwa ne gidansu. Baƙi ne dogo, yakan kai mita biyu, yana fasa kai, yana kuma tsarto dafi ya nufi ido daga nisan mita biyu ko fiye. Binciken da masana daga makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka yi a ƙasar Malumfashi, wanda aka wallafa a 1980, ya nuna shi ne kan gaba a macizan da ke cutar da mutane a wancan yankin, kuma sau da yawa da dare yake shiga ɗaki ya sari mai barci. Akwai ɗan'uwansa mai fasa kai wanda ba ya tsartuwa, shi nasa dafin shanye jiki yake yi har numfashi ya tsaya. Sunayen nan sukan sha bamban daga gari zuwa gari, wani ya ce kumurci wani ya ce gamsheƙa, don haka a asibiti kwatanta kamanni ya fi faɗin suna amfani. Mesa ba ta da dafi, sai dai haƙoranta suna yaga nama, kuma raunin yana ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Lokaci biyu ne suka fi haɗari. Na farko tsakiyar damina, sa'ad da ruwa ya cika ramuka ya koro macizai zuwa duk wani tudu da ya rage: gindin bishiya, shuri, ɗan tsibiri, wato daidai wuraren da masunci ke ɗaure jirgi ya sauka. Na biyu bazara, in ruwa ya ja baya, kwaɗi da ɓeraye suka taru a ɗan abin da ya saura, masu cin su suka biyo su. Da hunturu kuwa ɗumi suke nema, sai a same su ƙarƙashin kwalekwalen da aka kife ko cikin tarin kalli.

Yanzu ga abin da ya shafi aikin kansa. Takalmi shi ne na farko, domin mafi yawan sara daga gwiwa zuwa ƙasa yake. Dogon takalmin roba da ya kai ƙasan gwiwa, da wando mai kauri a sake a kansa, ya isa ya tare kububuwa, ya kuma rage ɓarnar kasa ƙwarai. Na san hujjar masunta, cewa takalmin in ya cika da ruwa nauyi yake yi, kuma haɗari ne a cikin jirgi. Gaskiya ne. Ba a ce a shiga ruwa da shi ba. A sa shi daga gida zuwa bakin ruwa, a tuɓe a jirgi, a mayar in an sauka, amma a kife shi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa, domin takalmin da ya kwana a waje ɗaki ne ga kunama da ƙaramin maciji. Sai tocila. Fitilar goshi ta fi, domin tana barin hannu biyu a sake. Hasken waya ba ya kai inda ƙafa za ta sauka taku uku a gaba. Sai sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ana tafe ana dukan ciyawa da ita. Maciji bai cika saran abin da ya fi rabin tsawon jikinsa nisa ba, don haka sandar da ta kai haka ta raba ka da kasa da kububuwa. Kumurci kaɗai ne zai iya cim maka daga nesa, shi ma a ido.

Jirgin da aka kife, kada a ɗaga gefen da ke kusa da ƙafa. A miƙa a kamo gefen can a jawo shi, yadda katakon zai shiga tsakanin mutum da abin da ke ƙarƙashi, hanyar gudun macijin ta kasance ta can. Haka ake yi da kwano, da buhu, da tabarma. Kalli da birgi da taru, a rataye su a kan maƙali kada a tara su a ƙasa. Wanda ya kwana a ƙasa, a barbaza shi da sanda kafin a rungumo shi zuwa ƙirji.

Gura ita ce babban tarko, ga kifi da mai ita. An sa mata dusa, kifi ya shiga, kwaɗo ya shiga, kumurci ya biyo su, ya rasa hanyar fita. Wadda aka kafa a ruwa marar zurfi, samanta a waje, macijin zai kwana cikinta da ransa yana cike da fushi. Kada a ɗago gura zuwa fuska don a leƙa. A ɗaga ta da sanda, a haska daga nesa, a zazzage ta a fili, bakin yana kallon can. Ko an ga macijin ya yi laushi kamar ya nutse, kada a yarda, suna jure rashin numfashi fiye da yadda ake zato, kumurci kuma yakan yi likimo. Har wanda aka sare wa kai yana iya sara bayan sa'a guda, domin baki yana datsewa da kansa in an taɓa shi. Yara su ne suka fi faɗawa wannan, wajen wasa da kan da aka yar.

Macijin da ya sarƙe a kalli, ba a warware shi da hannu. A nisanta shi da jirgi da filafili, a yanke wannan yanki na ragar. Wanda ya haɗiye ƙugiyar mamari ko fatsa, a yanke zaren. Gyaran raga aikin yini ɗaya ne, kwalba ɗaya ta allurar kashe dafi kuwa dubun-dubatar naira ce, kuma ba lalle ɗaya ta isa ba. Macijin da ya nufo jirgi yana iyo ba faɗa ya kawo ba, wurin hutawa yake nema, a ture shi da filafili a tuƙa gaba. In ya riga ya faɗo ciki, misali daga reshen da aka bi ta ƙarƙashinsa, abin tsoron ya zama biyu, domin in kowa ya ruga gefe guda jirgin zai kife, ruwa kuma ya fi dafi saurin kisa. A zauna, a ɗage ƙafafu a hankali, mutum ɗaya ya ɗauke shi da filafili ya jefa waje.

Lalube kuwa, wato cusa hannu a ramin gaɓa ana neman tarwaɗa, a ganina sana'a ce da ya kamata Sarakunan Ruwa su hana yara kwatakwata. Ramin da bakinsa ke saman ruwa ko daidai da shi ba na kifi kaɗai ba ne. Masu haƙar gaiwa a busasshen tafki da rani su ma su bar sa hannu a tsagar laka, fartanya ta fara shiga.

Wurin banda da wurin kwana a raba su. Kayan cikin kifi da aka watsar suna tara ɓeraye, ɓera kuwa shi ke gayyato kumurci. A binne su nesa, a share ciyawa kewaye da bukka, a ɗaga itacen banda daga ƙasa. Mai kwana a bakin ruwa ya kwanta a kan gado ko da na kara ne, cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. Ya kare sauro, ya kare maciji.

Wani abu da ke ruɗa masunta shi ne sukar ƙayar kifi. Ƙurungu da tarwaɗa suna da ƙaya mai zafi ƙwarai, kuma a ruwa mai laka mutum ba ya ganin abin da ya soke shi. Sukar kifi zafinta nan take yake, kumburin bai cika yin nisa ba, kuma yana lafawa in an tsoma wurin a ruwan zafi daidai wanda hannu zai jure na minti 30 zuwa sama. Minjirya girgiza mutum take yi ba ta barin rauni. Amma in ba a ga kifin da ido ba, a ɗauka maciji ne. Kada a dogara da neman shaidar haƙora biyu, wani lokaci ɗaya ake gani, wani lokaci ƙarce kawai. Ruwan zafi kuma ba ya komai ga dafin maciji.

To, in ƙaddara ta faɗa fa? A fitar da mutum daga ruwa tukuna, domin jiri na iya kwasarsa. A matsa daga inda macijin yake, kada a ɓata lokaci wajen farautarsa, in hoto zai ɗauku daga nesa da waya to madalla. A duba agogo a riƙe lokacin. A cire zobe, agogo, kambu, guru da duk abin da ya zagaye gaɓar, tun kafin kumburi ya mayar da su wuƙa. A zaunar da shi a kwantar masa da hankali, domin gudu da motsi su ke tura dafi cikin jiki. A ɗora gaɓar a kan katako ko sanda ko guntun filafili kamar yadda ake yi wa karaya, a naɗe da ƙyalle sakwa-sakwa yadda yatsa zai shiga ƙarƙashi. Daga nan sai ɗauka, kada ya taka da ƙafarsa in da hali. A kan babur mutum uku ake yi, shi a tsakiya, wani a baya yana riƙe da shi da ƙafar. In yana amai ko ya fara fita hayyacinsa, a nemi mota ko a-kori-kura a kwantar da shi a gefen hagu, kada amai ya shaƙe shi. Don zafi a ba shi farasitamol, babba ƙwaya biyu masu miligiram 500. Ban da asfirin, ibufurofen, diklofenak da haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a ƙulle, domin suna ƙara tsinka jini. Ban da allurar ɗuwawu a kemis, domin in jinin ba ya daskarewa wurin allurar zai tara jini ya zama wani ciwon.

Wanda kumurci ya tsarta wa a ido, maganinsa yana gabansa: ruwa. A buɗe fatar idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa na minti 15 zuwa 20. Na sha ya fi, amma in babu, na madatsar ma ya fi jira, ko madara in ita ke kusa. Kada a murza, kada a matsa lemun tsami ko ruwan ganye. Bayan nan a je asibiti ko zafin ya lafa, domin dafin yakan ƙuje baƙin ido, ƙwayoyin cuta su shiga, ido ya tafi cikin 'yan kwanaki alhali man ido mai sauƙin kuɗi zai hana. Dafin da ya sauka a lafiyayyar fata bai cika yin komai ba, wankewa kawai.

Abubuwan da aka saba yi su ne suka fi ba ma'aikatan lafiya wahala. Ɗaure gaɓa tamau da robar taya ko igiya ba ya hana dafi tafiya yadda ake zato, jini yake hanawa. Dafin kasa da na kumurci dama nama suke ci, in aka tsare su wuri guda ba jini, bayan sa'o'i kaɗan gaɓar ta mutu, sai yankewa. In an riga an ɗaure, kada a kwance farat ɗaya a hanya, a gaya wa ma'aikata lokacin da aka ɗaure su kwance da kansu. Tsaga da aska a kan saran kububuwa buɗe famfo ne da ba shi da makulli. Ƙaho, tsotso da baki, baƙin dutse, shafa fetur ko kananzir, jona wayar fulogin babur, ba ɗaya da ke fitar da dafin da ya riga ya shiga nama. Jiƙon da ake ɗura wa mutum don ya yi amai kuwa yana iya kashe wanda maƙogwaronsa ya fara shanyewa.

Za a ce ai ga wane can an kai shi wurin mai magani ya warke. Ba ƙarya ba ne, kuma ba raina kowa nake yi ba. Dalilin shi ne macizai da yawa ba su da dafi, masu dafin ma ba kowane sara suke zuba shi ba. Irin waɗannan ko ba a yi komai ba za su tashi. Matsalar ita ce babu mai iya bambancewa da ido a sa'ar farko. Nan ne ma sunan gobe-da-nisa yake yaudarar mutane. An ɗauka wanda ta sara ba ya kwana, sai gari ya waye ga shi zaune yana shan koko, a ce magani ya ci. Alhali ita ba ta gaggawa. A kwana na biyu ko na uku sai dasashi ya fara jini, yawu ya yi ja, tsohon miki ya ɓalle, fitsari ya rine, sannan ciwon kai mai tsanani, alamar jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Wani sai bayan mako guda. Ba tare da allura ba, cikin mutum 100 da dafinta ya shiga jikinsu 10 zuwa 20 ke mutuwa, da allurar da ta dace kuwa ba su kai 2 ba. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, a yi su a kan babur ana tafiya. Kuma a asibiti a faɗi magana a fili. Al'adarmu ta sakaya suna, a ce igiyar ƙasa ko abin ƙasa ya taɓa shi, ba laifi a gida, amma ma'aikacin da ke karɓar marar lafiya da tsakar dare yana bukatar ya ji maciji ne, ƙarfe kaza, a wuri kaza, ga abin da aka ba shi.

Alamun ɗaya kumurcin, wanda ba ya tsartuwa, daban ne, kuma su ne ba sa jira: fatar ido ta yi nauyi kamar mai gyangyaɗi, gani ya zama biyu-biyu, yawu ya riƙa dalala, magana ta sarƙe. Wannan numfashi ne ke shirin tsayawa. In ya tsaya a hanya a hura masa iska baki da baki har a isa, domin zuciyarsa tana aiki.

Ga 'yan'uwana ma'aikatan ƙananan asibitoci, akwai gwajin da ba ya bukatar lantarki. A ɗebi jini mililita 2 daga jijiya, a zuba a sabuwar kwalbar gwaji ta gilashi, busasshiya, a ajiye ba motsi minti 20, sannan a karkata ta sau ɗaya. In jinin ya kwarara, dafi ya shiga, a ba da allura ko a tura gaba nan take. Dole gilashi, roba ba ta ba da amsar gaskiya, kwalbar da aka wanke da sabulu ma tana ruɗarwa. In ya daskare a karon farko ba a sallami mutum ba, a maimaita, a riƙe shi sa'o'i 24, ana zana iyakar kumburi da biro ana rubuta lokaci. Bayan an ba da allura a sake gwajin a sa'a ta 6, in har yanzu bai daskare ba a ƙara. Ta jijiya ake ba da ita, adiranalin yana zuƙe a sirinji a gefe saboda masu ƙaiƙayi da tari da shaƙewa. Yaro da babba adadinsu ɗaya, domin maciji bai rage dafi don yaro ne ba. Kada a manta allurar rigakafin sandarewar jiki, bayan jini ya koma daskarewa.

Sai maganar wace allura. Ba kowace kwalba mai hoton maciji ce ke aiki a nan ba. Wadda aka yi da dafin macizan Indiya ba ta karya dafin kububuwarmu. A wani asibitin karkara a Gana, da aka canza zuwa irin wannan a 2004, mace-mace sun tashi daga kashi 1.8 zuwa 12.1 cikin ɗari. Waɗanda aka yi da dafin macizan Najeriya aka kuma gwada su a Kaltungo ta Jihar Gombe su ne EchiTAb-G, da aka yi a Birtaniya don kububuwa kaɗai, da EchiTAb-Plus ta ƙasar Kosta Rika, mai maganin kububuwa da kasa da kumurci mai tsartuwa. Ga wuraren su, inda kumurci da kasa suka yi yawa, mai haɗa ukun ta fi dacewa. Allurar da ke zuwa ruwa-ruwa a kwalba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba a daskarar da ita, in ta yi gurɓi-gurɓi an zubar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara. A 2017 ta mayar da shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta sa burin rage mutuwa da nakasa da rabi kafin 2030. Rabonmu a wannan aiki ba mai wuya ba ne. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta tabbatar kowane babban asibiti da ke kusa da madatsa, Daura, Dutsin-Ma, Jibiya, Funtuwa, Malumfashi da Katsina, yana da allurar tun kafin watan Yuni, kyauta ko da rangwame, a kuma sanar a rediyo inda take. Firijin hasken rana da ake ajiye allurar rigakafin yara ya nuna ajiyar ba gagara za ta yi ba. Wannan ya fi muhimmanci a yankunan da matsalar tsaro ta sa tafiyar dare ta zama kasada, inda wanda aka sara da isha'i sai ya jira wayewar gari.

Su kuma iyayenmu Sarakunan Ruwa, Allah ya ja zamaninku, abin da ke hannunku ya fi na gwamnati saurin yiwuwa. Kowace mashiga ta sami lambar wayar masu babur biyu da za su tashi ko ƙarfe nawa ne, da lambar wani ma'aikaci a asibiti mafi kusa, domin a kira a tambaya ko akwai allura kafin a kama hanya, kada a yi ta yawo da marar lafiya daga wannan gari zuwa wancan. A ajiye jarkar ruwa mai tsabta ta lita 5 don wankin ido, da katako biyu, da ƙyalle, da farasitamol. A kafa ɗan asusu daga kuɗin da ake karɓa a bakin ruwa, domin sau da yawa rashin kuɗi a hannu ne ke sa dangi su karkata zuwa wani wurin. Ranar 19 ga Satumba ce ranar wayar da kai kan saran maciji ta duniya, ta kuma faɗo daidai lokacin da madatsunmu suke cike. Zai yi kyau a wannan rana a tara masunta a bakin ruwa, ma'aikacin lafiya ya nuna musu ɗaurin katako da wankin ido da hawan babur na mutum uku, kowa ya gwada da hannunsa.

Na gode da ba ni wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani ma'aikacin lafiya,
Daura, Jihar Katsina.